Kofin Dogo

Laraba, dare.

Yau ma ni na hura gawayi. Fada ta cika, mu bakwai a kan tabarma, amma ba ka jin komai sai ƙarar harbi. Kowa ya duƙufa kan salularsa, wasan Free Fire. Ni da butar shayi muka yi ta kallon juna.

Dogo ne bai zo ba. Gida uku fa tsakaninsa da nan. Da na zuba na farko na ce wa Gajere, "Kai, ce masa ya taho, kofinsa na jira." Ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Ai muna tare." Na ce ina? "Ga shi can bayan katanga, shi ke tsare mini baya." Katangar cikin wasa yake nufi. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa iya leɓe ta tsaya.

Dogon nan da ke tako ƙafa daga Birni har Sabon Gari da rana tsaka, cikin zafin Afrilu, don kawai ya rama cin da na yi masa a PlayStation 2! Tele ɗaya, manet biyu, dala biyar wasa. Wanda aka ci ya miƙa wa na baya, mu goma a tsaye muna yi masa tsiya. In aka ɗauke kuran a fito da karta, ba mai tafiya gida. Yanzu sai forfe ya ƙare mutum ke tuna akwai wani a gefensa.

Kada in ci haƙƙin wasan: shi ya sa muke jin muryar Auta daga Agadas kowane dare, da sai sallah-sallah. Sai dai abin da yake cewa bai wuce "hagu, hagu!" ba. Har yau ban san ko ya samu aikin nan ba.

Da rana kasuwar Dole, aiken Inna. Babur ya yi faci. Ƙura.

Na biyu ma na ajiye masa. Wajen ƙarfe 11 suka ɓarke da "Booyah!", cikin mutum 50 su suka rage. Sai ga muryar Dogo a wayar Gajere: "A gaida mai shayi!" Gajere ya shanye kofin da sanyinsa.

Da na shiga ɗaki na gwada sauke wasan. Waya ta ce babu wuri, sai na goge hotuna. Na buɗe su, na daɗe a kan na bikin Auta, na kashe fitila.