Inda na kai da haɗa kwamfutocin shagonmu da uwar garke

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana a shagon buga takardu na kawuna a nan Garwa. Tsohuwar kwamfutar da na sa wa Debian (wani nau'in Linux) da Samba (manhajar raba fayiloli da Windows) ta zama uwar garke, wato kwamfutar da sauran ke ɗaukar fayiloli a wurinta, folda ɗaya tana ba kowa. Masu Windows 10 da ƙaramar Linux ɗina duk sun shiga. Mai Windows XP, wadda ke riƙe da tsohuwar sikana, ita ce ta ja mini lokaci.

Da farko ko masu Windows 10 ba su ga uwar garken a cikin Réseau, wato jerin kwamfutocin da ke haɗe, ba, har kawu ya ce wayar ce ta lalace. Waya lafiya lau. Ganin suna a jeri daban, isa wurin daban. Na rubuta adireshin uwar garken, \\192.168.1.10, a saman taga, folda ta buɗe nan take. Mai kibod na Faransanci irin namu, wannan karkataccen layin yana kan AltGr da 8, kada ka yi ta lalube. Jerin sunayen na dā ya dogara ne da NetBIOS, tsohuwar hanyar neman suna, da SMB1, tsohuwar ƙa'idar raba fayiloli ta Windows, Windows ta yanzu kuwa da wata hanya mai suna WS-Discovery take neman maƙwabta. Da na girka wsdd, 'yar manhajar da ke amsa WS-Discovery, a uwar garke, sai ga sunan ya fito.

To, XP fa? SMB1 kaɗai take ji, don sabuwar sigar, SMB2, sai a Windows Vista ta zo. Samba kuma tun sigar 4.11 ta 2019 ta rufe SMB1 sai in kai ka buɗe. Layi ɗaya ne a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, server min protocol = NT1, shi ke nan XP za ta shiga. Wani abokina ya ce in sa kawai in huta. Ban sa ba, kuma ina roƙonku ku ma kada ku sa. Ta wannan tsohuwar ƙa'ida muguwar manhajar WannaCry ta bi ƙofar sadarwa ta 445 a watan Mayu na 2017, ta kulle fayilolin asibitoci a Ingila. Shagonmu kullum ɗalibai na shigowa da filas daga ko'ina, kuma takardun mutane ne a hannunmu, amana ce.

Abin da na yi, na ƙara wa uwar garke katin sadarwa na USB, na ja waya ɗaya daga shi zuwa XP kai tsaye. Na ba su layinsu, 192.168.2.1 da 192.168.2.2, ban sa wa XP hanyar fita intanet ba. Sai na ɗora vsftpd, manhajar karɓar fayiloli ta hanyar FTP, yana sauraro a wannan katin kaɗai. FTP ba ta ɓoye kalmar sirri, gaskiya ne, amma wayar nan su biyu ne kawai a kanta. Yanzu ana sikanin takarda, a jefa ta ftp://192.168.2.1, ta bayyana wa kowa a foldar Samba.

Ta NFS, hanyar raba fayiloli tsakanin masu Linux, na haɗa Linux ɗina, kuma nan aiki ya rage. NFS lambar mai amfani take dubawa, ba sunansa ba. Ni 1000 ne a kwamfutata, a uwar garke kuwa 1000 asusun kawu ne, don haka duk abin da na ajiye da sunansa yake fitowa. Mako mai zuwa zan daidaita lambobin, in buɗe rukuni ɗaya na shago. Bayan nan sai neman batirin ajiya, don wuta na ɗaukewa ana tsakiyar kwafi, zafin Maris kuma ya fara sa fankar uwar garke kuka.