Ba Ni da Gari

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo gidana, wai in duba masa aikin da zai miƙa a makaranta na nazarin wani ƙagaggen labari. Na ce to mu gani. Sai ya buɗe littafin a wayarsa, ya shiga wurin bincike, ya rubuta "kamar". Wayar ta jero masa duk inda kalmar ta fito. Ya rubuta "tamkar", ta ƙara masa. Ya kwashe su kaf ya zuba a ƙarƙashin kanun "Kamance". Na ce, "Kai, ka ma karanta littafin kuwa?" Ya ce, "Kawu, ai na san jigon, soyayya ce." Na buɗe baki zan balbale shi da faɗa, sai maganar ta maƙale mini, domin kaina na gani zaune a kan tabarmar nan. Bambancinmu kawai, ni da jan biro na yi tawa ɓarnar.

Lokacin da nake ɗalibin Hausa babu wanda ya kai ni haddar kalmomin nazari. Jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, duk a kan harshena suke. Ka tashe ni daga barci in jero maka kamance, siffantawa, alamtarwa, sannan jinsintarwa da 'ya'yanta uku, mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Na san 'yar ƙwar biyu har zuwa 'yar ƙwar biyar, na san amsa-amon ciki da na waje. Amma abin da ya fi kumbura mini kai shi ne aruli, wato ilimin auna karin waƙa. Na haddace cewa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, shi ya tsara karuruwan waƙar Larabci guda 15 a ƙarni na 8, daga baya Ahfash ya ƙara Mutadarak suka cika 16. Ina tafe a hanya ina "fa'ulun fa'ulun" ni kaɗai, yaran unguwa na kallona.

To akwai wani dattijo tela a layinmu, yana rubuta waƙa da ajami a bayan takardun awo. Ɗansa ya juyar masa da wasu zuwa boko a littafin makaranta mai layi, littafin ya faɗo hannuna. A lokacin muna da wani ɗan zama na masu sha'awar rubutu duk ƙarshen wata, na ce ni zan feɗe waƙa ɗaya a gaban jama'a, aka kuma gayyaci mai waƙar. Kwana uku ina yanka ɗangwaye, wato layukan baiti, ina sa alamar gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A wani ɗango na tarar da "ba ni da gari". Na lissafa "ga" a matsayin gaɓa marar nauyi, lissafi ya ƙi fita, sai na rubuta da jan biro cewa kari ya karye a nan. Ban tsaya nan ba. Na gina shafi biyu a kan cewa "gari" alamtarwa ce, mawaƙin yana kukan baƙunci da rashin asali, wai shi ne ma jigon waƙar.

Na karanta duk wannan a tsaye, da muryar malamai. Dattijon yana zaune, hularsa a gwiwa, bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce a ba shi izini ya rera baitin. Ya rera. Da ya iso wurin ya ja "ga" ɗin nan, gaari, sai kari ya zauna daram. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, garin tuwo nake nufi." A lokacin fari na 1973 ya yi waƙar, daren da gidansa aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Na sha kare kaina a kan wannan, kuma har yau ina ganin ba duka laifin ne nawa ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. Da takardarsa ta ajami na gani, da alifin da ke bayan harafin farko ya tsamar da ni. Sannan jarrabawa abin da take tambaya ke nan, kawo adon harshe biyar tare da misalai, kuma na kawo, na ci. Wa zai ga laifin yaron da aka ba maki a kan hadda? Sai dai duk sanda na kai nan a kare kai, sai in tuna shagonsa gida uku ne tsakaninsa da namu. Kwana ukun da na yi ina yanka, minti biyar ya ishe ni in je in ce, Baba rera mini. Girman kai ya hana, ina ganin me tela ya sani game da Mutaƙarab, karin nan na "fa'ulun fa'ulun". Ban kuma taɓa zuwa na ba shi haƙuri ba. Ya ci gaba da ɗinka mini kayan sallah yana kirana Malam Aruli, har Allah ya yi masa rasuwa.

Da na zauna rubuta wannan, niyyata in jero muku shawarwari goma, ku ɗalibai. Da na duba sai na ga yawancinsu cika baki ne. Waƙa dai a rera ta kafin a taɓa biro. Rubutacciyar waƙar Hausa don kunne aka yi ta, in mai ita na raye je ka ji daga bakinsa, in ba ya raye nemi wanda ya iya rauji, wato muryar rera ta. Littafi kuma a karanta shi har bangon baya. "Soyayya" ba ta isa jigo ba, rabin littattafan kasuwa soyayya ce, me wannan marubucin yake cewa a kanta? Kai da ka nemi "kamar" a waya, ina kamancen fifiko da ake ginawa da "ya fi"? Ina siffantawa, wadda ba ta da wata kalma da za ka laluba, sai dai a ce da mutum zaki kai tsaye? Ku ajiye jerin kalmomin nan gefe, su suka kai ni suka baro.

A'a, kada ku ajiye. Ku haddace su, ku ma fi ni. Ran nan na tambayi wata ɗaliba bambancin ɗango da baiti ta tsaya tana murmushi. Wanda bai san gangara ba, ya ji ma'ana ta tsallake ɗango ta faɗa na gaba, da wane baki zai faɗi abin da ya ji? Ni ko ba komai na sha wuyar hadda kafin in yi shirme. Ku kuwa shirmen ma waya ke yi muku, ko lanƙwasar ƙ da ɗ kun kasa sawa, ku rubuta kafa kuna nufin ƙafa, sannan ku ce za ku auna ƙafafun waƙa.

Na ba ɗan ƙanwar tawa labarin telan nan daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na karɓe wayar na kife ta, na ɗauko masa littafin na takarda daga kanta, na ce karanta mini babi na ɗaya da ƙarfi. Ya yi shafi ɗaya da rabi yana tuntuɓe, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, ranar Litinin fa za a karɓa."