Daga Karnak zuwa Abidos: Karatun Sunayen Gumakan Misira a Jikin Bango

Jirgin ƙasan dare daga Alkahira kan ci wajen awa goma kafin ya sauke mutum a Luksor. Na ajiye kaya na wuce Karnak, babbar harabar bautar tsoffin Misirawa, da sassafe, domin hasken da ke faɗowa a kaikaice shi ke fito da sassaƙar da aka nutsa cikin dutse. Da rana ta take sai rubutun ya baje, ga kuma zafi.

Babban zauren Karnak mai ginshiƙai 134, aikin sarki Seti na Ɗaya da ɗansa Ramses na Biyu, nan ne wurin koyo. Rubutun nasu na hotuna ne, don haka a fara duba inda tsuntsaye da mutanen cikin rubutun suka fuskanta. In dama suke kallo, daga dama ake tasowa, alamar sama kafin ta ƙasa.

Sunan da ya cika wurin shi ne na Amun, kuma alamomi uku ne: ganyen karan bakin kogi a tsaye, sai allon wasa da 'ya'yansa jere a kai, wanda ke ɗauke da baƙaƙe biyu, m da n, sai layin igiyar ruwa a ƙarƙashinsa, wato n. Nan sabon shiga ke tuntuɓe, ya karanta n sau biyu. Ruwan ba ƙari ba ne, jaddada ƙarshen allon kawai yake yi. Sau da yawa za a ga mutum mai gemu a zaune bayan sunan. Shi ma ba a furta shi, sanarwa ce cewa abin bauta ake nufi. Wasali kuwa ba su rubuta ba, tamkar almajirin da ya tsaya a babbaƙu bai shiga farfaru ba, shi ya sa littattafai ke cewa Amun, Amon ko Amen, duk abu ɗaya.

A ɗan ɗakin bautar gunki Fita (Ptah) da ke arewacin harabar, wanda 'yan yawon buɗe ido ba su cika lekawa ba, sunan ya fi sauƙi: murabba'i p, rabin curin gurasa t, murɗaɗɗen lagwani mai sautin ح na Larabci. Ra kuma baki ne da hannu, hannun na ba da sautin ع, ko a taƙaita da faifan rana kaɗai.

Sunayen sarakuna na cikin zagayen igiya mai tsawo, kuma akwai tarko a ciki: don girmamawa, sunan gunki ake fara sassaƙawa ko da a ƙarshe ake furta shi. A kabarin Tutankamun, hayin yamma na Nilu, Amun ne a gaba. Inda kuma aka ga dutse ya lotsa daidai kan sunan Amun, galibi ɓarnar zamanin sarki Akenaton ce, wanda ya sa aka kankare shi wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, magadansa suka sake sassaƙawa a cikin ramin.

Abidos tafiyar kusan awa uku ce a mota zuwa arewa, kuma a ganina sassaƙarta ta fi ta Karnak kyau nesa ba kusa ba. Sunan Osiris a nan kujerar sarauta ce da ido. Seti ya samo sunansa daga Set, wanda a tatsuniyarsu shi ya kashe Osiris, don haka a gidan bautar da Seti ya gina a Abidos masu sassaƙa suka cire siffar Set daga zagayen sunan sarkin, suka sa ta Osiris a gurbinta. Mai neman sunan Seti da siffar da ya saba gani a littafi zai wuce shi bai gane ba.