Aikinmu a kan kaburburan duwatsun Azbin

Motoci biyu gare ni a Agadas, da ma'aikata takwas idan aiki ya kankama. Mu ne ke kai masu binciken kayan tarihi cikin duwatsun Azbin, mu kafa musu tanti, mu ɗebo ruwa, sannan mu yi aikin hannu: ɗaga dutse, haƙa, tankaɗe ƙasa. Ko tsakuwa ba ma ɗagawa sai da takardar izini daga Yamai, sai kuma mai bincike na tsaye a wurin.

Duk wanda ya bi hanyar Iferwan ya ga tarin duwatsun nan a kan tudu ko a bakin kwari, wasu da rami a samansu kamar bakin turmi. Buzaye na ce musu idebnan. Kaburbura ne na mutanen da suka rayu a nan tun Musulunci bai iso ba. A Iwelen, can arewacin Azbin, masu bincike Faransawa biyu, Jean-Pierre Roset da François Paris, sun tona irinsu a shekarun 1980, a wurin da aka zana karusan doki jikin duwatsu, aka kuma samu kawunan mashi na jan ƙarfe da suka haura shekara 2,000.

Abin da ya fi ba sabon ma'aikaci wuya shi ne sannu. Yaro mai jini a jika zai iya rushe tarin nan kafin azahar. Mu kuwa sai mu kwana goma a kansa. Da farko a kafa ƙusa, a ja igiya, a raba tarin gida huɗu. A ɗauki hoto, a zana, sannan a ɗebe dutse ɗaya bayan ɗaya, a jera su gefe. In an kusa ƙasa sai a ajiye shebur, a koma ga cokalin magina da burushi, ƙasar da aka kwashe kuma duk ta bi ta rariya, don ɗan dutsen ado ba ya kai ƙwayar wake.

Ba na manta ranar da na fara ganin mai kabari. Yana kwance ta gefe, gwiwoyi a naɗe kusa da ƙirji, ƙashin ya yi laushi har iska na iya ɗaukarsa. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurina ya cire rawaninsa ya yi masa inuwa, ya ce, "Yara, a rage murya, mutum ne." Tun daga ranar na hana rediyo a bakin rami.

Ciniki ya ja baya sosai tun tawayen Buzaye na 2007, baƙi sun ɗauke ƙafa, shekara kan wuce ba a kira mu ba. Wannan ina iya jurewa, motocin na ɗaukar kaya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ɓarna. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014, na'urar neman ƙarfe ta cika daji. Bara na tarar da wani tari an farke cikinsa da diga, ƙasusuwa warwatse a rana. Wanda ya yi bai samu komai ba, kuma babu mai iya sanin yadda aka kwantar da mamacin ko shekarun da ya yi a wurin.

Na tsayar da mota, muka ɗauki hoto don aika wa hukuma, muka tattara ƙasusuwan cikin ramin, muka mayar da duwatsun. Sai bayan magariba muka kama hanya.