Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsargiya da Garkuwar Jiki

Assalamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya inda na samu gurbi a jami'ar Ɗanfodiyo ɓangaren gwaje-gwajen asibiti, yau kuma sai darasin da har gobe bai bar raina ba.

Duk wanda ya tashi bakin gulbin Rima ya san tsargiya. Yaro zai ga jini a ƙarshen fitsari a ce masa girma ne ya zo, ni kaina Inna cewa ta yi "wanga ba komi ba na, kowane ɗa namiji na yin shi". Haka ta taras ana faɗi, Allah Ya jiƙanta.

Ranar da malaminmu ya zana tsutsar a allo ya ce daga jikin katantanwar ruwa take fitowa ta huda fatar mai wanka, ta girma ta tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji manne da juna shekara 3 zuwa 5 wasu ma su zarce, ban san sanda na ɗaga hannu ba. Na ce Malam to ina garkuwar jiki take duk tsawon lokacin nan?

Ya ce tana nan, lallashinta aka yi. Tsutsar tana lulluɓe fatarta da sinadaran jininmu sai sojojin jiki su ɗauka 'yar gida ce, sannan tana sa wasu sojojin jikin da ake kira ƙwayoyin T masu kwantar da tarzoma su yawaita suna fitar da sinadarin IL-10 mai cewa kowa ya mai da wuƙarsa kube. Ƙwayayenta ne jiki bai yafe wa ba, duk wanda ya maƙale a bangon mafitsara sai a taru a kansa, kumburi ya biyo baya da tabo, ga jinin nan da muke gani, in abin ya daɗe har kansar mafitsara yana jawowa. Wallahi jikina ya yi sanyi, abokan wankanmu kawai nake tunowa ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya kawo binciken da aka yi a Gabon a 2000, yara masu tsargiya fatarsu ba ta cika nuna alamar alaji ba, wato borin da jiki kan yi wa abin da ba shi da illa. Wani a aji ya ce ashe tsutsar na da amfani kenan. Ni dai ban yarda a faɗi haka gaban mutanen ƙauyenmu ba, yaron da jininsa ke zuba kullum maganin tsargiya praziquantel yake buƙata da rijiya mai tsabta.

Hutu na zuwa na nufi gida da niyyar yi wa Maigari maganar. Yadda muka kwashe da shi sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu.