Darussan da na koya daga tsuntsun Steller

A duk darasin rarraba halittu da muka yi, misalin da ya fi zauna mini a kai shi ne wani tsuntsun da ba a samu a nahiyarmu, Cyanocitta stelleri. Dangin hankaka ne, baƙin kai da tukku a tsaye, fukafukai da wutsiya shuɗi. Mazauninsa dazuzzuka da tsaunukan yammacin Amurka ta Arewa, tun daga Alaska har Nikaragwa.

Ya ci sunan Georg Steller, Bajamushe masanin halittu da ya bi jirgin ruwan Vitus Bering, jagoran wata tafiyar binciken ƙasa, a 1741. A tsibirin Kayak na Alaska ya gan shi, ya tuno zanen wani ɗan'uwan tsuntsun na gabashin Amurka, da haka ya tabbata nahiyar Amurka suka iso. Wani masanin halittu, Gmelin, ya ba tsuntsun sunan kimiyya a 1788, ya haɗa shi gida ɗaya da hankaka a rukunin Corvus, daga baya aka fitar da shi.

Rigimar tana wajen rassansa, wato ƙananan rukunonin da ake raba jinsin zuwa su gwargwadon yanki da kama. Wani kundin ya lissafa 13, wani 16, kuma duk masana ne suka rubuta. Na bakin tekun Fasifik suna da zane shuɗi a goshi. Na tsaunukan Rocky, irin su macrolopha, zanensu fari ne, da ɗan fari a saman ido, ga dogon tukku. In ka gangara kudancin Meziko da Gwatemala sai tukkun ya gajarce, shuɗi ya mamaye kan. A wurare da yawa canjin a hankali yake tafiya, kamar mai tafiya daga Kano zuwa Sakkwato: ba zai nuna maka ƙauyen da Kananci ya ƙare Sakkwatanci ya fara ba. Inda aka ja layi, mutum ne ya ja shi, da 'yan gawarwakin tsuntsayen da ya samu a aljihun teburin gidan adana samfura. Shi ya sa lissafin ya ƙi daidaita.

Amma ba duka layukan ne na son rai ba, wannan kuwa shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Reshen carlottae na tsibiran Haida Gwaii a Kanada teku ta killace shi, ya fi saura girma da duhu, iyakarsa a fili take. Sannan a 2022 mai bincike Carla Cicero da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka auna ƙwayoyin gado, suka tarar na Rocky sun rabu da na yamma tun shekaru miliyoyi. Ɗan farin nan na gira, da ido zai raina, ashe tsohuwar rabuwa ce a ƙarƙashinsa. A littafi dai sunayen a jere suke, kowa da layi ɗaya, kamar nauyinsu ɗaya, alhali ba haka ba ne.

Yanzu in aka miƙo mini sunan reshe, na kowace dabba ce, sai na fara tambayar inda aka kama samfurin, guda nawa aka auna, da ko an leƙa ƙasar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Ta ukun ce aka fi tsallakewa, don zuwa can ya fi tsada da wahala, alhali a yankin da rassa biyu suka haɗu ne kaɗai ake ganin ko suna barbarar juna ko kowa ya kama gabansa.