Duwatsun Adar a kan teburin aji

Ina koyar da kimiyyar rayuwa da ƙasa a wata koleji a Tawa, kuma duk farkon shekara nakan roƙi ƴan siziyam, wato ajin farko na koleji, abu ɗaya: kowa ya zo mini da dutse daga garinsu. Waɗanda suka fito daga wajen Keita da Buza su ne ke kawo abin da nake nema, farin dutse mai katantanwa manne a ciki.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Da wuƙa da lemun tsami muke aiki. A kankare dutsen kaɗan, a matsa lemu a kan garin da aka kankaro, a kasa kunne. Zai yi kumfa, har da ƴar ƙara. Tsamin ne ke cin farar ƙasar da ke cikin dutsen, iskar kabon tana fita, irin wadda muke fitarwa da numfashi. Sai mu gwada da yashi, shiru. Mu gwada da ɓawon ƙwai, kumfa ta dawo. Daga nan ba ni ke jan darasin ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to me ya kai katantanwa cikin dutse, alhali mu ko gulbi ba mu da shi?"

Na ce, "Ɗiyata, teku ce ta bar ta nan." Fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce ruwan teku ya rufe wannan yanki, ƙwanson halittunsa ya yi ta taruwa a ƙasa har ya daskare. Irin dutsen nan ake haƙa a Malbaza ana ƙonawa a yi siminti.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke karɓar yaran nan. Yaro ya baro firamare, Faransancinsa bai nuna ba, sai mu cika masa allo da bayani ya kwafa, ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa. Zai iya kaiwa BEPC, jarrabawar ƙarshen koleji, a haka bai taɓa gwada komai da hannunsa ba. Ban yarda rashin kayan aiki ya isa hujja ba. Lemu nawa ne a kasuwa?

Ƙasarmu kuwa ba ta rasa abin nunawa ba. Jobaria, wani dinosor (ƙatuwar dabbar zamanin da) da masanin ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi Paul Sereno ya sa wa suna a 1999, daga yankin Ingal aka tono shi, kuma duk wanda ya je Yamai zai iya ganin ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi a gidan tarihi na Boubou Hama. Yawancin ɗalibaina ba su da kuɗin motar zuwa can. Shi ya sa nake roƙon iyayen da ke noma a gindin tsauni: in garma ta turo dutse mai katantanwa, kada a jefar da shi bakin gona, a ba yaro ya kawo lakkol.